Cikin da Yayata Ba Ta Yi Ba

Ina yarinya 'yar shekara goma sha biyu lokacin da Gwaggo, ƙanwar Babanmu, ta ja ni bayan rumbu ta ce in riƙa lura da duk namijin da yayata ke magana da shi a hanyar makaranta. Ta ce kada in bari Yaya ta sani.

A Getso muke zaune. Baba malamin Islamiyya ne, yana kuma noman gero da wake. A shekarar ne aka ƙaddamar da shari'a a Kano, duk sanda aka kunna rediyo maganar ke nan, wanda aka yi wa bulala, da wadda aka kai gaban alƙali saboda ciki ba aure. Ga tsadar rayuwa, taki ya gagari manoma, man fetur kuma sai an kwana a layi.

Yaya tana da shekara sha biyar, tana aji uku na sakandare. Duk wata sai mararta ta murɗe kwana uku, ta kwanta tana juyi a tabarma, Inna ta jiƙa mata jar kanwa. Daga baya marar ta soma tasowa. Gwaggo ce ta fara gani, da ta zo daga Dugabau yi mana kwana biyu, Yaya ta fito daga wanka da ɗaurin ƙirji.

"Ke, yaushe rabonki da fashin salla?"

Yaya ta sunkuyar da kai. Inna ta ce ai tun bara ta fara al'ada.

"Ba bara na tambaya ba. Wannan watan fa? Wancan fa?"

Na dubi Inna. Na ga tana lissafi a zuci, ta kasa tuna ranar da ta ga Yaya ta bar salla.

Kwana biyun Gwaggo suka zama mako uku. Gidan ya koma na kallon-kallo. In Yaya ta bar tuwo, Gwaggo ta dubi Inna. In ta tofar da yawu, a sake duban juna. Ni kuma ina bin ta a baya zuwa makaranta, ina jin kaina babba. Ranar da na ga malamin lissafi, wani saurayi ɗan Masanawa, ya tsayar da kekensa ya miƙa mata littafi, da gudu na kai labari. Har na ƙara da cewa ta yi masa murmushi, alhali bayanta kawai nake gani.

"Ai na faɗa," in ji Gwaggo. A ranar ta sanar da Baba.

Bayan la'asar Baba ya kira Yaya ɗakinsa, Inna da Gwaggo na zaune, ni ina laɓe a jikin ƙofa. Bai ɗaga murya ba.

"Ki ji tsoron Allah ki gaya mini gaskiya. Ciki gare ki?"

"Baba, ban sani ba."

"Kamar yaya ba ki sani ba?"

Sai ta fashe da kuka. Ta ce watannin baya da aka aike ta Gwarzo, direba ya cusa su su biyar a kujera saboda ƙarancin mota, wani mutum ya danne mata cinya tun daga tasha har cikin gari. Ta ce tun ranar take cikin tsoro, domin Inna ta gaya mata idan namiji ya taɓa ta, ciki za ta yi.

Gwaggo ta ce wannan wayo ne irin na 'yan boko. Baba ya daɗe yana kallon Inna, sannan ya ce gobe a tafi asibiti. Gwaggo ta ce in ma'aikatan suka kai rahoto wurin hisba fa? Baba ya ce ba ɗakin shan magani na garinmu za a je ba, inda kowa ya san kowa. Gwarzo za a je. Daga yadda ya faɗa na gane shi ma bai gama yarda da Yaya ba.

Da ni aka tafi, ina riƙe da kwanon abinci. Wata nas, dattijuwa mai tabarau, ta duba Yaya, ta kira likita, aka daɗe a ciki. Da ta fito ta zaunar da Inna a benci.

"Hajiya, 'yarki ba ta da ciki. Ba ta ma taɓa ganin jini ba. Hanyar da zai fita a rufe take tun haihuwa, shi ne yake taruwa a ciki duk wata. Ƙaramin aiki za a yi mata ta warke."

"To ai ita ta ce mini ta fara."

A nan Yaya ta faɗi sauran gaskiyar. Duk 'yan ajinsu sun fara, suna yi mata ba'a wai ita ba mace ba ce, shi ne ta yi wa Inna ƙarya. Watannin farko har salla take bari don a gani, daga baya tsoron Allah ya kama ta ta daina.

Nas ɗin ta tambayi Inna me ta gaya mata ranar da ta ce ta fara. Inna ta ce tsumma ta ba ta, ta ce ta kiyayi maza.

"Shi ke nan?"

"Abin da aka gaya mini ke nan nima."

Baba ya sa hannu a takarda, aka yi aikin washegari. Kwana huɗu muka yi muka dawo, marar ta sace, ciwon bai sake dawowa ba. Amma kafin mu iso zance ya riga ya zaga unguwa cewa zubarwa aka je yi. Gwaggo da kanta ta ce mutanen asibiti sun iya rufa asiri, kuma har ta rasu ban ji ta janye ba. Malamin lissafi ya ga iyayen yara sun daina amsa gaisuwarsa, kafin ƙarshen zango ya nemi canjin makaranta. Ban taɓa gaya wa kowa cewa murmushin nan ni na ƙirƙiro shi ba, sai da na girma na gaya wa Yaya. Ita kuma Yaya tun a shekarar aka mai da ta Kabo gidan kawunmu, can ta gama sakandare.

Bayan salla babba Baba ya nemo wata malama ta riƙa karantar da 'yan matan Islamiyyarsa babin haila, ya kuma roƙi nas ɗin ta zo ta yi musu bayanin jikinsu. Iyaye da yawa suka hana 'ya'yansu zuwa, suka ce tsarin iyalin Turawa ne aka shigo da shi ta bayan gida. Mu bakwai muka halarta. Nas ta zana mahaifa a allo da alli, ta yi bayani dalla-dalla, sannan ta ce mai tambaya ta yi. Kowa sai satar kallon ta kusa da ita take, don a ga wadda za ta tona kanta. Can wata 'yar maƙwabtanmu ta ɗaga hannu ta ce, ƙawarta ce ta aiko ta da tambaya.

"To, faɗi," in ji nas ɗin. "Ki saurara da kyau, don ki kai mata amsar daidai."