Layin da Na Bar wa Mama

Ina alfahari da rubutuna a allo, ba zan ɓoye ba. A shekarata ta uku ina koyar da lissafi a wata sakandare a Kafanchan, idan na warware misali, kowane layi yana zaune daram a ƙarƙashin ɗan'uwansa, amsa kuma in ja mata layi biyu. Yara su kwafa, in tambaya ko sun gane, su amsa baki ɗaya. Ranar jarrabawa rabinsu su zube, ni kuma in ce ai ba sa karatu ne.

A shekarar ce yayar mahaifiyata ta shiga matsala. Mama muke kiranta dukanmu. Ta daɗe tana koyarwa a wata firamare a Madakiya, sai takarda ta zo cewa malamin da ba shi da kiredit a lissafi ya nemo kafin shekara ta ƙare, ko ya bar aji. Mijinta ya rasu, ajin nan shi ne rayuwarta. Sau biyu ta taɓa zama jarrabawar tana faɗuwa, kuma wannan karon babu na gaba.

Kowace Asabar da rana sai ta hau mashin ta zo gidana, da sabon littafi a jaka da doya a leda. In warware mata misali daga farko har ƙarshe, ta kwafa da kyakkyawan rubutunta na tsoffin malamai, ta gyaɗa kai. In ba ta irinsa, lambobi kawai na canza, sai ta zuba wa takarda ido, ta kasa farawa. Mun yi wata biyu a haka.

Wata Asabar haƙurina ya ƙare. Na ce, "Mama, sau nawa zan yi miki wannan? Ko 'yan aji ɗaya sun fi haka."

Ta rufe littafinta, ta ajiye mini doyar a bakin ƙofa kamar kullum, ta tafi. Kunya ta hana ni cin doyar.

Ranar Alhamis na je Madakiya in ba ta haƙuri, aka ce tana coci, ranar koyon waƙa ce ta zumuntar mata, kuma ita ce mai ba da waƙa. Na zauna a bencin baya ina jira. Sabuwar waƙa take koya musu, wata mata tana buga tulu a gefe. Ta rera baitin gaba ɗaya sau biyu. A na uku, da ta zo layin ƙarshe sai ta yi shiru, ta ɗaga hannu. Matan suka yi tuntuɓe, wata tsohuwa ta kwafsa, aka yi dariya, amma suka ƙarasa. Aka sake, ta tsaya a tsakiya. Can sai kalmar farko kawai take jefa musu, su ɗauka su tafi. Yawancinsu ko takardar waƙar ba sa iya karantawa.

Da aka tashi na durƙusa na gaishe ta, na ba ta haƙuri. Na tambaye ta dalilin shirun nan da take yi.

Ta ce, "Ɗana, in na yi waƙa ɗin duka, za su ji daɗi ne kawai, su tafi gida babu komai a baki. Kai ma muryanka yana da daɗi a lissafi. Amma kai kaɗai kana yin waƙa ɗin."

Na ji haushi, don gaskiya ta faɗa, kuma ba a kanta kaɗai ba.

Asabar ta gaba na shirya misali uku masu kama da juna. Na farko na warware shi duka, ina faɗin dalilin kowane layi da baki. Na biyu na bar layin ƙarshe fili. Na uku na bar biyu. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne rufe bakina. Ta daɗe tana kallon filin nan, ni kuma na danne hannuna a ƙarƙashin cinya don kada in ƙwace biron. Ta rubuta, ta soke, ta sake rubutawa. Daidai ne. Ta ɗago ta harare ni kamar na yi mata wayo. Litinin na kai wannan tsarin ajina, allona ya daina kyau, yara suka yi ta ƙorafi na mako biyu.

Ranar da sakamako ya fito, ita ta zo har makarantarmu, takardar a naɗe cikin bakin zane. Ta samu kiredit ɗin, da ƙyar, amma ta samu. Ajinta ya tsaya a hannunta.

Na tambaye ta yadda ta ji a ɗakin jarrabawa.

Ta ce, "Na buɗe takarda, babu ko layi ɗaya da aka fara mini. Na juya ina nemanka, ba ka nan. Hawaye ya zo. Sai na ce wa kaina, ai ɗana ya ɗaga hannu ne. Na ɗauka."