Injin da Gwaggo Jerka Za Ta Iya Ɗauka

Gwaggo Jerka ƙanwar mahaifina ce. Shekararta saba'in da ɗaya, kuma ita kaɗai ce mace mai zobe a bangon tashar jiragen ƙauyenmu. Zoben ƙarfe ne tun na kakanmu, a jikinsa take ɗaure ɗan jirginta na katako mai tafiya da iska. Aikin kifin gwangwani ta yi a nan tsibirinmu har masana'antar ta rufe. Ba ta yi aure ba, ba ta kuma taɓa sa wa jirgin inji ba. Da ƙyallen iska take fita, da shi take shigowa, in iska ta kwanta ta kama filafili.

Bara abu biyu suka haɗe mata. Kafaɗarta ta dama ta ƙi tuƙi, sannan kwamitin tasha ya hana shiga da fita da ƙyalle, wai jiragen masu yawon buɗe ido sun yi yawa, za a yi karo. Ƙa'idarmu kuwa tsohuwa ce: jirgin da ya shafe bazara bai bar zobensa ba, zoben ya zama na wani. Shugaban kwamitin, Dujam, yana da suruki mai jirgin haya wanda ba shi da wurin ɗauri. Kowa ya san inda idonsa yake.

Ni motar dakon kaya gare ni a birnin Split, can ƙetaren ruwa, ƙarshen mako nake zuwa gida. Ina jin labari na ɗauki abin awo na sauka tasha. Tsawon jirgi mita biyar. Katakon bayansa dogo ne, dole sai inji mai doguwar ƙafa, don in gajeriya ce, da zarar igiyar ruwa ta ɗaga bayan jirgi farfela za ta fito tana wulwula iska. Na haɗa nauyin jirgi da nata da na raga, na ce mata sai mai ƙarfin doki shida.

Ta ce, "Dawaki shida? Noma zan yi a tekun?"

"Gwaggo, ranar da bura, iskar nan mai ƙarfi ta arewa, ta taso kina waje, su za su dawo da ke."

"Bura ta girme ka, Tonko, kuma mun san juna da ita."

Duk da haka ta bi ni Split, shagon wani mai sayar da injuna, Vicko. Ya fara zuba mata bayani, ita kuwa ta tuɓe rigar sanyinta ta miƙo min, ta sunkuya ta kama mai doki shida. Kilo ashirin da bakwai ne. Ta ɗaga shi kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, fuskarta ta yi ja, ta ajiye.

Nan na gane lissafin da take yi. Gidajen ƙauyenmu a kan tudu suke, mota ba ta hawa, sai matakalan dutse. Ba mai barin injinsa ya kwana a jirgi, kowa kan kwance nasa ya saɓa a kafaɗa ya hau da shi gida. Kuma ba mai ɗaukar wa wani. Ranar da aka ga an ɗaukar maka inji, ba wanda zai ce uffan, amma an san ka gama da teku, kwamiti ya fara kallon zobenka.

Ta gwada mai doki huɗu, kusan nauyinsu ɗaya. Vicko ya ce, "Mama, ai ga ɗanki nan, ƙato da shi, zai riƙa ɗaukar miki."

"Ba ɗana ba ne, kuma ba jakina ba ne. Wancan ɗan mitsitsin fa?"

"Doki biyu da rabi. Na kwale-kwalen roba ne, Mama."

Kilo sha huɗu. Ta saɓa shi a kafaɗar hagu, ta taka har bakin ƙofa, ta leƙa titi, ta dawo. Ta ce a ba ta shi. Wuri ɗaya kawai na yi nasara: wanda ta ɗaga mai gajeriyar ƙafa ne, na tsaya kai da fata sai da Vicko ya shiga ciki ya fito da mai doguwa.

A mota na sake gwada sa'ata. Na ce ƙarfin bai kai rabin abin da jirgin ke buƙata ba, ta sayi babban, in sa masa kwaɗo ya riƙa kwana a jirgi.

"Su ga injina ya kwana a ruwa don na kasa hawa da shi? Kai dai tuƙa motarka. Ba don teku na saye shi ba, don Dujam na saya. Daga zobe zuwa bakin tasha, iyakar aikinsa ke nan."

Da rana tsaka jirgin fasinja ya sauke mu, daidai lokacin da mazan ƙauyen ke zaune a gidan kofi na bakin ruwa. Ta fitar da injin daga kwalinsa tun a gadar da jirgin ke sauke mutane, ta saɓa, ta bi ta gabansu, ba ta bayan coci ba inda ya fi kusa.

Dujam ya ce, "Jerka, wannan na niƙa kofi ne ko na ɗinki? Ga baro can in kina so."

"Adana shi, Dujam. Tumbinka zai riga ni buƙatarsa."

Aka yi dariya, har da shi. Ta sauka cikin jirginta, ta ɗaura injin, ta kama igiyar tayarwa da hannun hagu. Ta ja, shiru. Ta sake ja, shiru. Dariyar ta ɗauke, kowa ya zuba ido. Na ɗaga ƙafa zan sauka.

Ba ta ko waiwayo ba ta ce, "Taka jirgin nan ka gani."

Na tsaya a kan bango. Hannu aka hana, ba baki ba, don haka na ce a hankali, "Gwaggo, makunnin mai a rufe yake."

Ta buɗe, ta ja, ya kama. Ƙararsa kamar ta ɗan babur. Ta kwance igiya daga zobe, ta ratsa tsakanin manyan jiragen baƙi a hankali kamar mai tafiya da ƙafa. Tana wuce bakin tasha ta kashe shi, ta ja ƙyallenta sama.

Lissafina bai yi ƙarya ba. Sau biyu a bazarar bura ta same ta a waje, injin ya kasa tura ta cikin tasha. Ta laɓe a bayan wani dutse, ta wuni tana cin burodi da zaitun har iskar ta sassauta. Na biyun ina gida, na tarye ta a bango da fushina, na ce da ta ji maganata da tuni tana ɗaki.

Ta ɗaure igiyarta ta ce, "Da ina ɗaki, da jirgin wani yana nan. Matsa min hanya."

Ta kwance injin ta hau matakala. Takan huta a jikin bangon coci, ta jingina shi ta yi kamar tana gyara takalmi. Da kaka kwamiti ya zauna, Dujam bai ko ɗaga maganar zoben ba. Jirgin surukinsa har yanzu a tsakiyar ruwa yake kwana.

Ran nan na tambaye ta, in kafaɗar hagun ma ta ƙi fa? Ta ce in je in bincika mata ko ana yin mai kilo goma. Na ji akwai na lantarki wanda ake raba shi biyu, a hau da kowane rabi daban. Jibi zan je in ɗaga shi da kaina.