Jirgin Ranar Kasuwa

Ban taɓa mantawa da ranar da aka kawo Baba Manu ƙaramin asibitinmu na bakin ruwa a ƙasar Ngaski ba. Lokacin ina shekara ta huɗu da zama nas, kuma na riga na ƙudurta neman canji zuwa Birnin Kebbi. Ba yawan aiki ya ishe ni ba. Kowa ɗakinsa kawai ya sani: likita ya rubuta, mai gwaji ya gwada, mai magani ya miƙa, ni kuwa in yi ta wanke ciwo kamar ba ni da baki.

Baba Manu masunci ne daga wani gungu, wato tsibiri a cikin tafki. Yana da ciwon suga da gyambo a ƙafa. Laraba ce ranar masu suga, kuma sau uku ana rubuta a katinsa cewa ya ƙi zuwa. Sabuwar likitarmu, Dakta Hauwa, ta duba ƙafar ta ce in aka ci gaba haka sai an yanke ta. Sai ta juyo gare ni.

"Sista Rabi, kin fi ni sanin shi. Me ke hana shi zuwa?"

Sai da na waiga, ko akwai wata Rabi a bayana.

"Dakta, ba ƙi ya yi ba. Jirgin gungunsu sai ranar kasuwa yake fitowa, ba Laraba ba. In ma ya iso, layin gwaji ke cinye shi, mai jirgi kuwa ba ya wuce la'asar."

Tsohon ya sunkuyar da kai. "Ɗiyata gaskiya ta hwaɗi. Ni dai 'to' nika cewa, ina ni ina musu da likita?"

Nan take ta kira Malam Isa mai gwaji da Yohanna mai magani, muka tsaya a bakin gadon. Malam Isa ya yi gunaguninsa, don ba ya son a taɓa masa tsarin layinsa, amma ya yarda mutanen jirgi su riƙa farawa. Yohanna ya koma ɗaure musu magani daga kasuwa zuwa kasuwa. Ni aka ba tsara ranakunsu. Na koma gida da murna kamar an yi mini ƙarin girma.

Kafin kaka gyambon ya rufe, Baba Manu ya shiga jirgi da ƙafarsa. Maganar Birnin Kebbi kuwa ban sake tayar da ita ba.

Don haka ku sababbin ma'aikata, in kun ga na tsayar da zagayen safe ina bin ku ɗaya bayan ɗaya ina jin ta bakinku, har mai shara, kada ku ce Sista Rabi ta cika surutu. Nas tana jure gajiya, amma ba ta daɗewa inda aka mai da ita hannu kawai.