Dabo da Wayar Ɗakin Amarya

Dabo mai wayarin, wato mai ja wa gidaje wayar lantarki, mutum ne da hancinsa ya fi bakinsa aiki. In ya shiga gida, kafin ya ƙarasa sallama ya riga ya ɗaga kai yana shinshina iska kamar tunkiya ta jiyo dusa. Yara suna masa dariya a fili, manya a ɓoye. Shi kuwa cewa yake waya ba ta cin gida sai ta yi gargaɗi, gargaɗin nata kuma wari ne, warin roba mai ƙuna.

A wani ƙauye yake gabas da Minjibir, inda gonaki suka matsu har kunyar wani take ƙarewa a gindin katangar wani. Da aka raba gonar ubansu, abin da ya samu ko akuya aka ɗaure a tsakiya sai ta ci na maƙwabci. Shi ya sa tun yana saurayi ya tafi Ungogo, lokacin da ake cinye gonakin can da bulo, ya koyi aikin wuta. Ya dawo da filaya, da tsani, da mata mai suna Aina'u, wadda ta fi filayar kaifi. Da rani yana bin gidaje yana ja musu waya. Da damina yana noma a wata gona da Alhaji Sama'ilu, mai sayen gyaɗa, ya ba shi aro shekara da shekaru. Geron gonar nan shi ne tuwon gidan Dabo.

Sauran masu sana'ar in an kira su kiyasi, ƙirga suke: ƙwan fitila nawa, soket nawa, makunni nawa, kowanne da kuɗinsa, a ɗora kuɗin waya da na mota zuwa birni, a yanka farashi. Dabo ma yana yin haka, amma sai ya fara da tambayar da ke ɓata wa masu gida rai: me za a kunna? Domin ƙwai da fanka siririyar waya ta ishe su. Duk abin da aikinsa zafi ne kuwa, dutsen guga ko abin dafa ruwa, sai mai kauri, ita kuma mai kaurin a nan kuɗin yake. In ya je saye ma sai ya kankare bakin wayar da wuƙa, ya ga jan ƙarfe ne har ciki ko shafe ne. A ƙarshe ya ƙara wani abu a kan kiyasin, wanda yake kira kason ƙarya. Ya ce bai taɓa ganin maigidan da ya faɗi gaskiyar abin da matarsa za ta jona ba. Ina zai faɗa? Yawancinsu ko hanyar madafa ba su sani ba.

Bayan kakar wata shekara Alhaji Sama'ilu ya gina wa ɗansa Khalilu sashe a bayan gida, ciki da falo, rufin kwano, silin na roba. Yarinyar da zai aura, Sadiya, 'yar Rijiyar Zaki ce, sun haɗu a makaranta. Alhaji ya kira Dabo ya zagaya da shi. Dabo ya auna, ya dubi sama, sannan ya yi tambayarsa.

Alhaji ya ce ƙwai, fanka, sai cajin waya.

"Alhaji, wannan na ango ne. Na amarya nake tambaya. Me za su kawo mata?"

Alhaji ya dube shi kamar ya ce masa ya tuɓe a kasuwa. "Dabo, so kake in aika gidan surukaina in ce su lissafo mini kayan ɗaki? Su ce 'yarsu muke so ko kayanta?"

Gaskiyarsa ce kuma. Kayan ɗaki sirrin uwar amarya ne. Shekaru take tarawa, ba ta nuna wa ko mijinta, ranar jere take so ta fasa su gaba ɗaya dangin ango su riƙe baki. Namijin da ya tambaya kafin ranar ya zubar da girman gidansu.

Sai Dabo ya yi kiyasi da mai kauri, tunda 'yar birni ce. Alhaji ya ji kuɗin, ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. Ya ce ɗaki ya ce a sa wa wuta, ba injin niƙa ba. Ya ce a cire mai kaurin, a cire akwatin nan da ke yanke wuta in kaya sun yi yawa, a cire kason ƙarya, shi bai yi ƙarya ba. Daga nan, kamar mai sauya hira, ya tambayi Dabo yadda geron gonar ya yi bana. Ya ce wani ƙanensa ma ya yi masa maganar gonar, amma bai ba shi amsa ba tukuna.

Dabo ya gane. Ya ja siririya, ya bi da ita ta cikin silin, ƙarƙashin kwano. Aikin ya yi kyau a ido.

Lokacin taransifomar ƙauyen ta daɗe da ƙonewa, har mutane sun koma rataye wanki a jikin falwaya. Don haka ba a ko gwada ba.

Ranar jere Dabo yana zaune a gindin darbejiya daura da gidan, motar kaya ta tsaya. Matan birni suka sauko da guɗa. Aka fito da gado da kujeru, bai damu ba. Aka fito da firij mai tsayin mutum. Aka fito da murhun lantarki mai kai biyu, da butar dafa ruwa, da dutsen guga, da wani akwatin gasa abinci, da hitar da ake tsomawa a bokiti. Kowane kwali ya wuce, mata su rangaɗa guɗa, Dabo ya ji kamar a cikinsa aka ajiye shi. Kwana kaɗan bayan biki, da ya sake bi ta wurin, sai ya tarar an jibge harawar gyaɗar Alhaji a kan sabon rufin, busasshiya ƙayau, domin nan ne awaki ba sa kaiwa. Tsakaninta da wayarsa falle ɗaya ne na kwano.

Ya je ya sami Alhaji a zaure ya faɗa masa. Alhaji ya ce ya gane, aiki biyu yake so a biya shi a ɗaki ɗaya. Dabo ya ce zai sake kyauta, a sayi wayar kawai. Alhaji ya ce wato a fitar da kayan amarya tsakar gida, a ɓalle silin, labari ya kai Rijiyar Zaki cewa ɗakin da aka sa 'yarsu na jabu ne? Ya ce Allah ne mai tsarewa, ya jawo rediyonsa.

Dabo ya tari Khalilu a hanya. Ango ne, kansa na sama. Ya ce, "Baba Dabo, ai ko wutar babu," ya ja babur ɗinsa.

Ɗakin amarya kuwa ba wurin shigar Dabo ba ne. Sai ya roƙi Aina'u ta je ganin ɗaki ta raɗa wa yarinyar. Aina'u ta je ta dawo, ta ce yarinya mai hankali, har ta ba ta turare, kuma ta jona komai a soket an jera gwanin sha'awa, jira kawai ake. Ya ce to ta faɗa mata? Ta ce ita ba za ta shiga ɗakin 'yar mutane ta ce mata surukinta marowaci ne ba, nata mijin, Dabo, kuma matsoraci. In yana da baki, ya faɗa da nasa.

Ana nan masu unguwa suka tashi da karo-karon gyaran taransifoma. Dabo ya bayar, don ba yadda zai ƙi. A masallaci in liman ya roƙa wa gari haske, kowa ya shafa da ƙarfi, shi amin ɗinsa a maƙogwaro take tsayawa. Duk ƙauyen mutum ɗaya ne ke fatan duhu ya daɗe, shi ne kuma mai cin abinci da wuta. Ya rame. Ya koma yawo da filaya a aljihu har wurin jana'iza. Tsaninsa ya kai shi gidan wani maƙwabcin Alhaji ya jingine, ya ce ajiya ce.

An ce ranar Asabar za a haɗa wutar. Dabo ya ƙudura ranar Juma'a bayan masallaci zai hau ya zare layin sashen, kome zai faru ya faru. Masu gyaran suka zo ranar Alhamis, ba wanda ya gaya masa. Yana gonar aro yana tattara kara da hantsi ya jiyo ihun yara daga cikin gari, an kawo wuta.

Tsoho da gudu ba kyan gani, amma ya yi. Kafin ya iso, gari ya ɗauka, rediyo a nan, fanka a can. Ranar kuma ƙawayen Sadiya sun zo daga birni, ana son a nuna musu ƙauye ba daji ba ne: ruwa a buta, shinkafa a murhu, firij yana gurnani, wata tana goge mayafi. Tun daga bakin lungu hancinsa ya gaya masa. Bai yi sallama ba. Ya jawo tsani ya kafa a falwaya, ya naɗe hannu da hularsa, ya datse layin da filaya, wutar tana cikin wayar. Tartsatsi ya watso masa a fuska. Yana daga sama ya hango wani siririn hayaƙi yana fitowa ta ƙarƙashin kwano, yana shiga harawa a hankali kamar mai neman wurin kwana.

Maza suka hau suka yi ta watso harawar ƙasa. Mata suka fito ba mayafi. Silin ɗin falo ya narke ya ɗigo a kan sabuwar kujera, daidai inda Sadiya ta tashi. Ba wanda ya ƙone sai girar Dabo.

Da la'asar iyayen yarinyar suka iso. A gabansu, a ƙofar gida, Alhaji Sama'ilu ya nuna Dabo da carbi.

"Ga wanda na amince wa. Na ba shi aiki, ya sa mini ruɓaɓɓiyar waya."

Uban Sadiya ya juyo. "Malam, haka aka yi?"

Dabo ya dubi Alhaji. Alhaji yana kallon gabas, wajen gonar.

"Ni na ja ta," in ji Dabo.

Gonar tana hannunsa har yau, ba a sake zancen ƙanen Alhaji ba. Sunan ne ya tafi. Daga nan har Minjibir, in an ce Dabo, sai a ce wanda ya kusa gasa amarya. Masu kiransa kiyasi sun ragu, waɗanda suka rage kuma in suka ƙi amsa tambayarsa, tsaninsa yake saɓawa ya fita, ko ruwa ba ya tsayawa sha.

Sashen Khalilu wani aka ɗauko daga birni ya sake ja masa waya. Aina'u ta ji a bakin mata cewa shi ma sun daɗe a zaure da Alhaji ana ciniki, kuma ya fito ba ya dariya. Abin da ke cikin silin ɗin yanzu, Dabo bai sani ba, ba kuma mai gaya masa. Sadiya ta haihu, an ƙaro mata hita ta ruwan wankan jego. Bana gyaɗa ta yi kyau, harawa ta koma kan rufin, ta fi ta waccan shekarar tudu.

In yara suka yi ihun an kawo wuta, ku duba bakin lungun Alhaji. Za ku ga wani tsoho marar gira tsaye, hannu a aljihu, hanci a sama.