Ƙafar Ladi da Lambar Gwangwani

Bana shekara ashirin ke nan da muka binne yayana Bulus. Da ba don abin da na gani ranar Lahadin da ta wuce ba, da na bar shi ya huta ban ta da zancen ba. Amma raina ya ɓaci, kuma tsufa ya hana ni haɗiye irin wannan.

Tare muka shiga aikin mishan a Lafia, lokacin da ake shimfiɗa layin dogo. Ni kuku, shi mai wankin gyambo. Baturen mishan ɗin, wanda mutane suka laƙaba wa Mai Agogo, ba zan ce mugu ba ne. Zazzaɓi ya kusa kashe shi, a nan ya binne matarsa, ya yi shekaru yana wa'azi da gurguwar Hausarsa, waɗanda suka bi shi ba su cika benci biyu ba. Mutanen gari su gaishe shi da mutunci, su karɓi magani, su koma masallacinsu. Abin ya ci masa rai, sai ya ƙago dabara.

Ya sa na yayyanka tsohuwar garwar kananzir, aka buga wa kowane yanki lamba. Da safe a kaɗa ƙararrawa, a rufe ƙofar shinge, a yi wa'azi. Wanda ya zauna har aka ce amin a ba shi lamba, kuma ba lamba ba magani. Da hannuna na yanka su, har yau in na tuna sai in ji kamar in tofar da miyau.

Bulus bai taɓa son tsarin ba. Yakan ce ciwo ba shi da kunnen jin wa'azi. Sai na riƙa yanka masa 'yan ƙari a ɓoye, yana cusa wa waɗanda suka makara a hannu, mutanen Kwandere da na ƙauyukan nesa da suka sha tafiya.

Wata Asabar aka kawo Ladi daga Doma a kan jaki, matar wani manomi. Ƙafar ta ruɓe, ƙudaje sun baibaye ta, ni da nake kicin sai da na toshe hanci. An riga an rufe ƙofa, Baturen kuwa yana tsaye a wurin, ba halin miƙa lamba. Ya duba agogonsa ya ce su dawo Litinin, tunda ba a aiki ran Lahadi.

Bulus ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙafar nan ba za ta kai Litinin ba."

Baturen ya ce, "In na buɗe wa mutum ɗaya, gobe ba mai zama."

Bulus ya ɗauki tasa da ruwan magani, ya tsallake shinge, ya durƙusa a bakin hanya ya wanke ƙafar a gaban kowa.

Da yamma Baturen ya kira ni ya tambaya ko yau ne farau da Bulus ya karya doka. Na faɗi abin da Bulus yake yi, na ɓoye wanda yake yanka masa lambobin. An ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ka shafa wa naka ruwa, to ni nawa na shafa wa, na bar nasa yana ci. Tir da ni. Aka sallame shi daga aiki da ɗaki, ni na ci gaba da soya wa Bature ƙwai.

Bulus ya koma gindin wata tsamiya kusa da kasuwa da ruwan gishiri da dafaffen tsumma. Musulmi, Kirista, mai bin gargajiya, duk wanda ya miƙo ƙafa sai ya wanke. Ta Ladi wata uku ta ɗauka kafin ta warke. Bai daina addu'a ba, bai kuma taɓa yi mini gori ba, kuma wannan ya fi zagi zafi. Ranar da ya mutu ko ƙararrawa ba a kaɗa masa ba.

Yanzu Turawa sun ja baya, 'ya'yanmu ne dattawan coci, an yi rufin kwano. Su ne suka shirya taron tunawa da shi, wai uban aikin jinya. Kun san da me ake shiga? Da kati. An buga kati, an sa mai gadi a ƙofa. Haba jama'a, ko kunyar kabarinsa ba ku ji ba?

Ina isa na tarar da wata tsohuwa da doya biyu a ka. Ladi ce, ta biyo motar kasuwa daga Doma. Mai gadi yana cewa, "Mama, ba kati ba shiga."

Ta ce, "Kati na me, ɗana? Shi ya ba ni ƙafa, ni na zo gaishe shi."

Na miƙa mata nawa ta shige. Ni kuma na nemi dutse a bakin hanya na zauna, ina jiyo jawabai daga bakin mutanen da ba su taɓa shaƙar warin gyambo ba. Da Bulus yana nan, ba na jin zai yi musu da kowa. A waje za a same shi, yana tambayar wa ke da ciwo.

Garwa ta yi tsatsa, tsamiyar an sare ta, jawaban ma kafin Lahadi mai zuwa an manta. Abin da ya rage na yayana shi ne ƙafar Ladi da na gani tana hawa matakalar coci ba ko sanda. Katin nan shi ne lamba ta farko da na taɓa ba wani a fili, kuma na makara da fiye da shekara talatin.