Baba Idi da gidanmu na Damagaram

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina cikin ɗaga ƙofar shago a Fordham Road da safen nan Rabi ta kira ni tana kuka. Mahaifinta, Baba Idi, ya rasu.

Har yanzu ban gama buɗe shagon ba.

Mutanen Mount Hope kun san shi, dattijon Bakanon nan da ba ya wuce gini sai ya shafa bango. Magini ne. Ya daɗe a Ingila yana gyaran tsofaffin gidajen ƙauye kafin ya biyo 'yarsa nan Bronx.

Lokacin da nake sabon zuwa, shi ya lura ina rawar ɗari a masallaci, ya cire safar hannunsa ya ba ni. Wai "Riƙe, Ɗan Damagaram, kafin yatsun nan su zube ka ce Bakano ne ya sace." Haka muke da shi, kullum tsokana.

Akwai wani gida a Ingila da ba ya gajiya da labarinsa. Na dutse ne mai ruwan zuma, bututun hayaƙinsa dogaye kamar zankwayen gidajenmu, tagoginsa ƙananan gilasai da aka haɗa da dalma. Hukuma ta sa shi cikin gidajen tarihi, ko taga ba ka sakewa sai da izini. Wasu sun taɓa liƙe bangon da siminti, laima ta rasa hanyar fita, dutsen ya riƙa ruɓewa daga ciki. Aikin su Baba shi ne su ɓamɓare simintin, su mayar da farar ƙasa da aka kwaɓa da yashi da gashin doki.

"Gashin doki fa!" in ji shi, yana dariya har da hawaye. "Na tsallake teku don a koya mini kwaɓin kakana."

Wata rana na yi masa alfahari cewa za mu shafe gidan mahaifinmu da siminti. Gidan ƙasa ne a unguwar Birni, tsohon garin Damagaram, kuma a wurinmu wannan ce karramawar da ɗa yake yi wa gidan ubansa.

Baba ya ajiye kofin shayinsa. "Shaƙe shi za ku yi? Bangon ƙasa numfashi yake yi, yaro. Ka toshe masa hanci, damina kaɗan zai zube da simintin gaba ɗaya."

Ni na ji. Amma wanmu, Yaya Mamman, da ke zaune a gidan, ya ƙi sam. Ya ce ni ina Amurka cikin bene, shi nake so ya ƙare a laka. Har ya daina ɗaukar wayata, ga damina ta ƙarato.

Ganina na ƙarshe da Baba ranar Juma'a ne bayan salla. Ya rame, yana tafiya yana hutawa. Ya ce in ba shi lambar Yaya. Na ce Baba bari sai ka warke. Ya ce, "Damina ba ta san ina ciwo ba. Kawo."

Na ba shi don kada in yi masa musu. Wallahi ban zaci yana da ƙarfin kira ba.

Ɗazu na kira gida, Yaya ya ɗauka. Da na faɗa masa rasuwar sai ya ce, "Tsohon nan mai tari? Ai shekaranjiya ya yi mini video call daga gadonsa. Ya sa na zagaya gidan ina ƙwanƙwasa masa bango ɗaki ɗaki. Da muka zo ɗakin mahaifinmu ya ce in ɗora tafin hannuna a bango, in faɗa masa me na ji. Na ce sanyi. Ya ce to, yana da rai."

Yaya ya fasa shafa simintin. Gobe masu yaɓe za su fara kwaɓa ƙasa.

Baba bai taɓa taka Damagaram ba, amma ya tsayar mana da gidan ubanmu. Ina kewarsa ƙwarai.

Allah Ya jiƙan Baba Idi, Ya sanyaya kabarinsa, Ya gina masa gida a Aljanna wanda ba ya bukatar gyara. Allah Ya ba Rabi haƙuri. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a.