Mai Riƙe wa Fiyano Fanka

A shekarun da na yi a Dubai, aikina ɗaukar kaya ne a wani kamfani da ke ba da hayar kayan sauti a unguwar Al Quoz. Mu ne muke loda lasifikoki da wayoyi da fitilu, mu kafa dandamali, mu kwance shi idan an gama. Amma ba ma ganin wasa. Da an yi gwajin sauti, bas take kwashe mu zuwa masauki, sai washegari mu dawo. Mutum ɗaya ake bari wajen janareto, kuma yawanci ni ne, domin ba na tashi daga inda aka ajiye ni.

Abokin ɗakina ɗan zangon Kumasi ne, sa'ana, mai yawan surutu. Shi yake duba mini karatun bokon da na fara da girmana. Wata rana ya shigo ko takalmi bai cire ba.

"Bakano, ka san kayan wa za mu ɗauka ranar Juma'a?"

Na ce ban sani ba. Ya faɗi sunan wasu makaɗan Ingila. Na ce ban taɓa jin su ba.

"Ka ji su, ba ka dai sani ba. Fiyanon nan da ake bugawa a finafinanku, waɗannan ne kakanninsa."

Ya zauna ya ba ni tarihinsu yadda ya san shi. Samari ne daga wani gari mai sanyi da masana'antu, babu wanda ya iya garaya ko ganga a cikinsu. Sai suka sayi na'ura mai maɓallai, suka sa ta tana yin kiɗan duka. Da farko dariya aka yi musu, daga baya kowa ya kwaikwaye su. Suka yi suna, suka yi faɗa, suka watse, sannan biyu daga cikinsu suka sake haɗuwa da furfura. Shi kuwa a shagon wani tela ya fara jin kaset ɗinsu yana saurayi, kuma tun lokacin yake son ya ji su da kunnensa ko sau ɗaya.

Ya sa mini waƙarsu a waya. Ni dai na ji kamar kiɗan biki ne da aka cire wa kalangu. Na faɗa masa haka, ya ce kunnena na ƙauye ne.

Na je wurin foman ɗinmu, wani Ba'indiye, na roƙe shi ya bar abokina a janareto a madadina. Ya ƙi. Ya ce wanda yake son wasa ba a ba shi tsaron janareto, domin zai bar wurin ya tafi kallo. Na san gaskiya ya faɗa, don haka ban ja ba.

Ranar Juma'a bayan masallaci aka fara gwajin sauti a fili, zafi kamar a tanda. Makaɗan ba su zo ba, ma'aikacinsu ne, wani Bature, yake taɓa kayan. Cikin kayan akwai wani tsohon fiyano mai gefen katako, wanda mu huɗu muka ɗauko. Da ya ɗauki zafi sai muryarsa ta riƙa karkacewa. Baturen ya gyara, ta sake karkacewa. Aka kawo fanka, amma idan an ajiye ta a ƙasa iskar ba ta shiga ramukan bayansa, idan an ɗora ta a sama 'yan kallo za su gan ta. Baturen ya ce sai dai mutum ya zauna a bayan teburin fiyanon, ƙarƙashin baƙin ƙyalle, ya riƙe ta da hannu har a tashi.

Foman ya dube mu. Babu wanda ya motsa. Na nuna abokina da haɓa.

"Wannan?" in ji foman. "Zai iya rufe baki?"

"Wallahi ko tari ba zan yi ba," in ji abokina.

"Yalla, maza. In ka leƙo, ka gama aiki a nan."

Da bas ta zo, ya tsaya yana ɗaga wa sauran hannu kamar mai rakiya a filin jirgi.

Ni ban ji komai ba a ranar, domin janareto yana can nesa kuma ƙararsa ta isa. Sai da safe, muna naɗe wayoyi, na tambaye shi. Hannunsa na dama ko ɗaguwa ba ya yi.

"Ɗan zango, ka ji su?"

Ya ajiye wayar da yake naɗewa. Sannan ya ce dandamalin shiru yake. Mu da muke kafa lasifikokin mun san jama'a suke fuskanta, amma ba mu taɓa tunanin abin da ake ji a bayansu ba. Makaɗan kuma kowa da 'yar na'urarsa a kunne, kiɗan ta waya yake bi. Abin da ya iso masa a ƙarƙashin ƙyallen shi ne ƙugin fanka, da dukan da yake ji a ƙirjinsa, da muryoyin jama'a suna rera waƙoƙin daga farko har ƙarshe.

Na ce, "To, an yi wahalar banza ke nan."

"Wa ya ce? Tsohon da ke buga fiyanon yana tsaye dab da ni. Ina jin yatsunsa a kan maɓallan, ƙwas ƙwas. Yana bin waƙar da hanci, yana buga ƙafa. Da ya gama waƙa ta uku ya sunkuyo ya miƙo mini ruwansa."

"Ya iya waƙar?"

"Ina! Muryarsa ba daɗi ko kaɗan. Shi ya sa ba shi ne mai rerawa ba." Ya yi dariya har ya dafa kafaɗar da ke ciwo. "Amma duk filin nan ni kaɗai na ji ta."

Foman ya ƙwala mana kira. Muka kama akwatin fiyanon mu huɗu, na ɗauki ɓangarensa da nawa, shi kuma ya tallafa da hagu har muka kai mota.